Mutuwar Mata Wajen Haihuwa: Jinkiri Uku, Talauci Da Haƙƙin Mai Ciki

Idan kina da ciki, ko kuma matarka, 'yarka ko surukarka ce ke da shi, wannan bayani ya shafe ku. Yawancin matsalolin da ke kashe mata wajen haihuwa sanannu ne, maganinsu yana nan, wasu ma ba su da tsada. Abin da ke sa a rasa rai shi ne zuwa asibiti a makare. Makarar kuma tana da dalili: ko babu kuɗi a hannu, ko babu mota, ko mai cikin ba ta da ikon cewa a kai ta asibiti sai an jira wani ya dawo. Shi ya sa hukumomin raya ƙasashe ke haɗa lafiyar mata da maganar talauci da haƙƙin mace wuri guda. Za mu duba yadda abin yake, abin da aka riga aka tanada a Jihar Kano, da shirin da ya kamata kowane gida ya yi, musamman a karkara irin su Durun da sauran garuruwan Kabo da Gwarzo.

Girman matsalar

A likitance, ana lissafa mace cikin waɗanda haihuwa ta kashe idan ta rasu da ciki, ko wajen naƙuda, ko cikin kwana 42 bayan ta sauka, a sanadiyyar cikin. Kwana 42 ɗin nan kusan shi ne arba'in ɗin da muka saba ƙirgawa. Ke nan haɗari bai ƙare ranar suna ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa mata kusan 260,000 ne suka rasu ta wannan hanya a duniya a shekarar 2023. Kimanin 75,000 daga cikinsu 'yan Najeriya ne, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Jihar Kano kusan haihuwa ɗaya ce kawai cikin biyar ake yi a asibiti.

Me ke kashe su?

Abubuwa biyar ne ke jawo kusan kashi 75 cikin 100 na wannan mutuwa: zubar jini mai yawa, hawan jinin ciki da jijjigar da yake kawowa, shigar ƙwayoyin cuta bayan haihuwa, doguwar naƙuda da makamantanta, da zubar da ciki ta hanyar da ba ta dace ba. A yankinmu ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro suna ƙara raunana mace tun kafin ranar ta zo.

Kowanne da saurinsa. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe lafiyayyar mace cikin awa 2. Jijjiga kan ɗauki kamar kwana 2, naƙudar da ta tokare kamar kwana 3. Kuma kimanin mace 15 cikin kowace 100 masu ciki za su gamu da matsalar da sai ƙwararre zai iya shawo kanta. Babu likitan da zai iya gaya miki tun farko da tabbaci cewa ba kya cikinsu. Wadda ta haihu sau shida a ɗaki lafiya lau, a na bakwai jini na iya ɓalle mata. Yawan haihuwa ma yana ƙara wannan haɗarin, domin mahaifa kan gaji ta kasa tsukewa.

Jinkiri uku

A 1994 wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka kasa hanyar da mace ke bi zuwa mutuwa gida uku. Har yau da wannan ma'auni ake aiki.

Jinkiri na farko a gida ake yinsa, wajen yanke shawarar tafiya. Mai cikin fari tana jin kunyar faɗin cewa naƙuda ta kama ta. Manya na cewa a ƙara haƙuri, zaƙi ne bai gama fita ba. Jijjiga ta zo, a ce iska ce, a shiga hayaƙi da tofi. Maigida yana kasuwa ko ya tafi cin rani, wayarsa ba ta shiga, kuma babu wanda zai ɗauki nauyin fitar da matar wani ba da izininsa ba.

Jinkiri na biyu a hanya yake. Ku ɗauka naƙuda ta rikice da ƙarfe biyun dare a wani ƙauye na mazaɓar Durun, a tsakiyar Agusta. Sai an nemo mai mota, an sasanta kuɗin mai, an bi hanyar da ruwa ya ci kafin a hau kwalta. Idan ƙaramin asibitin da aka fara zuwa ba ya tiyata ko ƙarin jini, sai a wuce babban asibiti irin na Gwarzo, wani lokaci ma har Kano, wadda ke da nisan kusan kilomita 70 daga Gwarzo. Ku auna wannan da awa biyun da muka ambata.

Jinkiri na uku a asibiti yake: babu jini a ajiye, magani ya ƙare, ma'aikaciya ɗaya ce ke duba mata da yawa, ko dangi suna waje suna neman kuɗin kayan aiki. Wannan nauyin gwamnati ne da namu ma'aikatan lafiya. Na farko da na biyu kuwa, gida na da hannu sosai wajen rage su.

Ina talauci da matsayin mace suka shigo?

Idan aka ce daidaito tsakanin maza da mata, mutane kan fahimce shi ta fuskoki daban-daban. A ɗakin haihuwa ma'anarsa a fili take. 'Ya mace ta samu abinci da karatu kamar ɗan'uwanta. Ta girma ƙugunta ya buɗe kafin ta ɗauki ciki. Ta kasance da ɗan abin hannunta. Idan ta ce jikinta ba daidai ba, a saurare ta.

Alƙaluman binciken 2018 sun nuna tasirin haka. A cikin matan da ba su yi makarantar boko ba, kimanin 15 cikin 100 ne ke haihuwa a asibiti. A cikin waɗanda suka wuce sakandare kuwa, kimanin 88 ne. Ƙasa da rabin matan aure a ƙasar nan ne ake shawara da su a kan lafiyar jikinsu. Yarinyar da ta yi ciki tana ƙasa da shekara 20 ta fi 'yar shekara 20 zuwa 24 haɗarin jijjiga da cutar mahaifa bayan haihuwa, idan kuma ba ta ci ta ƙoshi tana ƙarama ba, ƙugunta na iya gaza fitar da kan jariri.

Asarar kuma ba ta tsaya a kan mamaciyar ba. Jaririn da ya rasa uwa a makonnin farko ya fi shiga haɗarin mutuwa. Babbar 'ya kan bar makaranta ta riƙe ƙanne, a aurar da ita da wuri, ita ma ta faɗa cikin haɗarin da ya ɗauke mahaifiyarta. Sana'ar da uwar ke yi, ko man gyaɗa ne da ƙuliƙuli ko kiwon awaki, ta tsaya. Haka talauci ke gadar wa kansa.

Abin da ayyukan raya ƙasashe suka kawo

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kawar da nuna wa mata bambanci, CEDAW, a 1979, Najeriya ta rattaba amincewarta a 1985. A 1987 aka ƙaddamar da shirin haihuwa lafiya na duniya a Nairobi. A 2015 ƙasashe suka amince da Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa guda 17: na 1 kawar da talauci, na 3 lafiya, na 5 daidaito tsakanin maza da mata. A ƙarƙashin na 3 ana son kafin 2030 mutuwar mata ta koma ƙasa da 70 a kowace haihuwa 100,000 a duniya. Najeriya na da sauran tafiya mai nisa. Duk da haka akwai abubuwan da suka sauko daga takarda suka iso gare ku.

Maganin jijjiga. A 2008 ƙungiyar Population Council, tare da Ma'aikatar Lafiya ta Kano da tallafin Gidauniyar MacArthur, ta shigar da allurar maganiziyam salfet asibitoci 10 na jihar, aka kuma horar da ma'aikata. Kafin nan, kusan mace 21 cikin 100 masu jijjiga ke rasuwa a waɗannan asibitoci. Bayan an fara allurar adadin ya koma kusan 2 cikin 100. Wannan ya nuna muku cewa jijjiga cuta ce mai magani.

Tsayar da jini. A 2023 aka fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Ana shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin, don a daina kintace da ido. Da zarar ya kai mizani, sai a haɗa matakai a lokaci guda: murza mahaifa, allurar tsuke ta, allurar daskarar da jini, ƙarin ruwa da duba inda jinin ke fitowa. Mummunar zubar jini da abin da take jawowa sun ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Wannan taimako sai a asibiti ake samunsa.

Mota da izini. A jihohin arewa da dama, ciki har da Kano da Jigawa, shirye-shiryen da gwamnatin Birtaniya ta tallafa sun haɗa kai da ƙungiyar direbobi ta NURTW, aka horar da direbobin sa-kai masu ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti ko da tsakar dare. Irin waɗannan shirye-shirye sun kuma yaɗa asusun ko-ta-kwana na unguwa, jerin masu ba da jini, da abin da ake kira izini na dindindin: miji ya faɗa tun da wuri, a gaban shaidu, cewa duk lokacin da matsala ta taso a tafi da matarsa asibiti ko ba ya nan.

Kuɗi a hannun uwa. A Jigawa da Zamfara an yi wani shiri da ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar, inda ake ba mace naira 3,500 duk wata, daga baya 4,000, tun tana da ciki har ɗanta ya shekara 2, tare da koyar da ita ciyarwa. Da aka auna, an ga tsumburewar yara ta ragu, mata da yawa kuma sun juya kuɗin a sana'a.

Karatun 'ya'ya mata. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 don shirin AGILE a jihohi 7, har da Kano da Katsina, domin gina azuzuwan sakandare da tallafa wa iyaye marasa ƙarfi su bar 'ya'yansu mata a makaranta. Kowace shekara da yarinya ta ƙara a aji, shekara ce da jikinta ya ƙara ƙwari.

Ku sani tallafin waje yana da wa'adi. Shiri kan zo ya yi shekara biyar ya tafi, kuma a 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID. Saboda haka ku tambaya a wurin awo wanne ne ke aiki a yankinku yanzu. Wanda ya tsaya, kamar asusun unguwa da izinin dindindin, kuna iya ci gaba da shi da kanku.

Yoyon fitsari: tabon da jinkiri ke bari

Ba duk wadda doguwar naƙuda ta kama ke mutuwa ba. Idan kan jariri ya daɗe yana danne naman da ke tsakanin mafitsara da farji, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya ɓule. Sai fitsari, wani lokaci har da bayan gida, ya riƙa zuba babu tsayawa. Yankan gishiri ma na jawo shi. Yawanci jaririn ba ya zuwa da rai, sau da yawa kuma auren ma ya mutu.

Yoyon fitsari ba ya yaɗuwa, ba sammu ba ne, kuma yawancinsa na gyaruwa da tiyata. Ana yin aikin a Cibiyar Laure da ke Asibitin Murtala Muhammad a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, inda likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara aikin tun shekarun 1980, da kuma Danja kusa da Maraɗi. Asusun UNFPA ya ƙaddamar da yaƙi da cutar a duniya a 2003, ana kuma tunawa da ita duk ranar 23 ga Mayu. Idan kin ga fitsari na zuba bayan haihuwa mai wuya, ki je da wuri: ƙaramar ɓula kan iya haɗewa da robar fitsari kaɗai idan aka sa ta cikin makonnin farko. Wadda aka yi wa gyara kuma, haihuwarta ta gaba a asibiti ce, yawanci ta hanyar tiyata.

Haƙƙoƙinki a asibiti

- Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ƙin ba da taimakon gaggawa.
- Tun 2001 Jihar Kano ke da tsarin kula da masu ciki kyauta a asibitocinta. Kaya kan yanke wani lokaci, don haka ki tambaya tun a awo me ake bayarwa, me za ki saya.
- A Nuwamba 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka tantance. Ki tambaya wanne ya fi kusa da ku.
- Haƙƙinki ne a yi miki bayanin abin da ke damunki da harshen da kike ji, a rufa miki asiri, kuma kada a zage ki ko a doke ki.
- Mace baliga mai hankali na iya sa hannu a takardar tiyatarta da kanta. Mukan so a yi shawara da maigida, amma rashinsa a wurin bai kamata ya tsayar da ceton rai ba.

Idan an tauye miki ɗaya daga cikin waɗannan, ki kai ƙara wurin shugaban asibitin ko kwamitin ci gaban mazaɓarku.

Shirin haihuwa: abin da za ku yi tun yanzu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ciki ya shiga wata bakwai, ku zauna, ke da maigida da surukarki ko mahaifiyarki, ku gama waɗannan:

1. Awo. Ki fara cikin wata uku na farko. WHO na ba da shawarar zuwa sau 8. Kowane zuwa a auna hawan jini. Ki sha maganin ƙarin jini kullum, ki karɓi rigakafin zazzaɓin cizon sauro aƙalla sau 3 daga wata na huɗu, ki yi allurar tetanus, ki kwana cikin gidan sauro.
2. Wurin haihuwa. Ki tambayi ma'aikaciyar awo asibitin da ke buɗe da dare, da wanda ke tiyata da ƙarin jini. Idan za ki je goyon ciki gidanku, ki tafi da katinki, a sake wannan lissafi a can.
3. Izini. Maigida, ka faɗa a gaban mahaifiyarka da wani maƙwabci cewa ka ba da izini a tafi da ita ko ba ka nan. Ka ambaci sunan wanda zai tsaya a madadinka.
4. Kuɗi. Ku ware wani abu lokacin kaka, ko ɗibar adashi ɗaya, ko akuya guda da aka san ta haihuwa ce. Kuɗin ya kasance a inda mai cikin za ta iya ɗauka da hannunta.
5. Mota. Ku riƙe lambar direba biyu, ku yi ciniki tun yanzu. Idan haihuwar za ta faɗo da damina kuma hanyarku na yankewa, ki koma wurin 'yan'uwa kusa da asibiti a makonnin ƙarshe.
6. Jini. Ku san rukunin jininki, ku tanadi lafiyayyun mutum biyu da za su bi ku. Ba da jini leda ɗaya ba ya rage wa lafiyayyen namiji ƙarfi. Jiki na mayar da shi.
7. Bayan haihuwa. A duba ki da jaririn cikin awa 24 ko da a gida kika sauka. Ki huta shekara 2 kafin wani cikin. A wurin awo za a yi muku bayanin hanyoyin tazarar haihuwa.

Alamomin da ba a jira da su

A tafi asibiti nan take, dare ko rana, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- zubar jini komai ƙanƙantarsa ga mai ciki, ko jinin da ke jiƙa zane bayan haihuwa
- matsanancin ciwon kai, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa
- jijjiga ko suma
- naƙudar da ta wuce awa 12
- faya ta fashe amma naƙuda ba ta zo ba, ko hannu, ƙafa ko cibiya ta riga fitowa
- mabiyiya ba ta faɗo ba bayan minti 30
- jariri ya rage motsi ko ya daina
- zazzaɓi, ciwon mara ko ruwa mai wari bayan haihuwa
- haki da kumburin ƙafafu a watannin jego

Kafin mota ta iso: mai zubar jini bayan haihuwa a murza mata mara har mahaifar ta yi tauri, ta yi fitsari, a sa jariri a nono, a kwantar da ita a ɗaga ƙafafunta. Mai jijjiga a kwantar da ita ta gefen hagu, kada a sa mata cokali ko ruwa a baki, kada a yi mata hayaƙi. Kada a yarda wani ya yi allurar naƙuda a gida ko a kemis, domin tana iya fasa mahaifa. Kada a yi yankan gishiri.

Tambayoyin da aka fi yi mana

Ungozomarmu ta iya aiki, me zai sa mu je asibiti? Ungozoma na da daraja, ta san matan gari, suna kuma jin maganarta. Amma ba ta da jini, ba ta da allurar jijjiga, ba ta tiyata. Babban taimakonta shi ne ta gane alama da wuri, ta rako ki.

An ce wadda aka yi wa tiyata ba za ta ƙara haihuwa da kanta ba. Ya danganta da dalilin tiyatar da irin yankan. Wasu na haihuwa da kansu daga baya, amma dole a babban asibiti, saboda tabon na iya buɗewa. Tiyata ba ragwanta ba ce.

Ba mu da ko sisi, mu tafi haka? Ku tafi. A fara ceton rai, maganar kuɗi ta biyo baya. Bashin asibiti ana biyansa a hankali.

Wannan bayani ba ya maye gurbin ganin likita. Ki kai shi wurin awo na gaba, ki bi matakan nan bakwai ɗaya bayan ɗaya tare da ma'aikaciyar lafiya, maigida kuma ya samu ya raka ki ko sau ɗaya ne. Allah ya sauke ki lafiya.